Lahadi Uku a Bencin Baya

Uwar mijina ba mace ce mai yawan roƙo ba. Shekara goma sha tara muna gida ɗaya, ban taɓa jin ta ce a saya mata zane ba. Abu ɗaya ta nema, shi ma ba ta gaji da nema ba: ranar da Allah ya kira ta, a kwantar da ita kusa da Baba, marigayi mijinta, a maƙabartar bayan coci, inda aka bar mata wuri a hagunsa. Ta sake faɗa a cikin mota, ranar da likita ya ja mu gefe ya ce mu kai ta gida mu riƙa ba ta duk abin da ranta yake so.

"Auta," ta ce da maigidana, "ka dai san wurina."

"Na sani, Mama."

Yana kallon titi ya amsa. Ni da na san shi ciki da waje, na ga yadda ya damƙe sitiyari, na san akwai magana a ƙasa.

Maigidana kafinta ne, kuma a lokacin shekara huɗu ke nan da ya fitar da mu daga babban coci. Ba zan ce ba shi da dalili ba. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofar cocin nan, yana share ta, yana jera littattafan waƙa. Ranar jana'izarsa sabon fasto ya karanto sunansa daga takarda, karatun ma bai yi daidai ba, ya riƙa leƙen agogo saboda akwai ɗaurin aure ƙarfe goma sha biyu. Mutum ɗari takwas ne a littafin coci, amma waɗanda suka raka mu bakin kabari ba su kai arba'in ba. Abin ya tsaya wa maigidana a wuya. Bai yi wata uku ba ya ce shi ya gama da wurin da ake ƙirga mutane ba a san su ba.

Daga nan falonmu ya zama wurin sujada. Kowace Lahadi ni ke tura tebur jikin bango in jera kujerun roba goma sha huɗu. Babu fasto, babu mumbari, babu mawaƙa masu riga iri ɗaya. A zauna a zagaye, a yi shiru, har sai wani ya ji an sa masa magana a zuciya. Wani lokaci shirun kan yi tsawo har ka ji kukan firij. Akwai Nas da mijinta, akwai Direba mai bas ɗin haya, akwai wata malamar firamare da muke kira Malama, da sauransu. Na yarda abin da daɗinsa. A babban coci na taɓa jinyar wata biyu ba wanda ya lura ba na nan, a falo kuwa atishawa ka yi sai an biyo ka da flas ɗin shayi. Sai dai babu maɓuya. In muka yi cacar baki da maigida ranar Asabar, ranar Lahadi sai in ji an sa "wani gida da ke cikin gwaji" a addu'a, kowa na satar kallona.

Mama kuwa tun kafin nan ƙafa ta hana ta fita. Ta ɗauka taron falon alheri ne ɗanta ya yi mata, ya kawo mata addu'a har gida. Takan zauna a kujerarta ta amsa amin da ƙarfi, in an watse ta ce, "Addu'ar taku da kyau, Amarya. Amma in ƙafar nan ta saki zan koma coci." Har na haifi huɗu ba ta daina ce mini Amarya ba.

Washegarin dawowarmu daga asibiti na bi shi shago. Yana goge wani katako da ba ya buƙatar guga. Na tsaya a kansa har ya gaji ya ajiye.

"Baban yara, mene ne?"

Dokar babban coci ce duk wanda zai fita ya sa hannu a takardar fita, a soke sunansa daga littafi. Ni na sa nawa, na tuna. Abin da ban sani ba, sai ranar da ya faɗa mini, shi ne sunaye uku ne a takardar. Tun da hannun Mama ya fara rawa, shi ke sa mata hannu a asibiti da wajen karɓar magani da ko'ina, har ya iya lanƙwasa baƙaƙen yadda take yi. Ranar nan ma, cikin zafin rai, ya sa mata.

"Gida ɗaya ne," in ji shi. "Ina za a ce gida ya fita a bar mutum ɗaya a littafi?"

"Ka tambaye ta?"

Ya sake ɗaukar katakon. Maƙabartar bayan coci kuwa kowa ya san ƙa'idarta: sai wanda sunansa ke littafi ranar da ya mutu.

Na ce masa abin mai sauƙi ne, ya je ya faɗi gaskiya, ya ce tsohuwar nan ba ta taɓa fita ba, shi ya sa mata hannu. Ya ce to. Don ban yarda da wannan to ɗin ba na ɗauki mayafina na bi shi ranar Alhamis.

Ofishin Sakataren coci ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka ɗaya, kabad biyu na ƙarfe cike da fayil. Sakataren ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya fi yarda da takarda fiye da idonsa. Ya gaishe mu da mutunci, ya tambayi jikin Mama, ya lalubo takardar fita ya shimfiɗa a gabanmu. Ga hannunta nan a layi na uku, ba za ka ce ba ita ta sa ba.

"Ƙofar dawowa a buɗe take," ya ce. "Lahadi uku a jere a bencin baya. A ta uku Baba Fasto ya karɓe ta a gaban jama'a, in mayar da sunan. Sai dai ko akwai wata magana da dattawa ya kamata su ji? Jibi Asabar suke zamansu na wata."

Na taka ƙafar maigidana a ƙarƙashin tebur. Ya janye ta.

"Babu," ya ce. "Za mu kawo ta."

Bencin baya shi ne na bakin ƙofa, inda ake zaunar da waɗanda ke ƙarƙashin horo: wadda ta yi ciki ba aure, wanda ya doki matarsa, wanda ya bar coci yana son dawowa. Muna fita na tare shi a jikin mota, raina a ɓace.

"In na faɗa," ya ce, "sai su karanta a gaban mutum ɗari takwas cewa mai taron falo maƙaryaci ne. Ba ni kaɗai zan sha kunyar ba, har da 'yan'uwa. Lahadi uku ne fa kawai. Sai mu ce mata saboda iska ne aka sa ta bakin ƙofa."

Na kira shi matsoraci, na kuma faɗa masa girman kansa ya fi cocin da ya bari. Amma ni ma ban koma ofishin nan na faɗa da bakina ba, ga shi taku goma ne. Na yi shiru don a zauna lafiya, kuma har yau shirun nan na cina.

Mutanen falo ba su san gaskiyar takardar ba. An ce musu Mama na marmarin cocinta, nan take suka ɗage taronsu zuwa yamma. Nas ta zo da sassafe muka yi mata wanka, muka ɗaura mata ɗankwalin zumuntar mata da ta ajiye a ƙasan akwati. Direba ya cire kujera ɗaya daga bas ɗinsa. Maza huɗu suka ɗauke ta a kujerar roba, mutanen da suka rantse ba za su sake taka harabar nan ba, suka hau da ita matakala goma sha biyu suna haki.

Da mawaƙa suka tashi, mutum sittin murya ɗaya, ga molo ga ganga, sai na ga leɓen Mama na motsi. Ba ta manta ko baiti ɗaya ba. Hawaye na bin fuskarta tana murmushi. Ni ma, ba zan ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi. Shekara huɗu ina jin muryar Direba yana jan waƙa kamar mai tura mota, na manta yadda rufin kwano ke amsa wa taro.

"Auta, me ya sa nan? Wurina layi na uku ne, jikin taga."

"Likita ya ce ki zauna inda iska take, Mama."

Ta gyaɗa kai. Kusa da ita wata yarinya ce da tsohon ciki, kanta a ƙasa. Mama ta kama hannunta ta riƙe har aka tashi, tana ce mata, "Kar ki damu, 'yata, zai wuce. Na ga da yawa sun zauna nan sun tashi."

Satin nan ta ci abinci fiye da yadda ta ci a wata guda. Maigidana ya riƙa yawo a gida yana fito, yana mini kallon ai na faɗa miki.

Abin da ya manta, ko kuma bai taɓa sani ba tunda shi bai taɓa zaman horo ba, shi ne Lahadi ta biyu ake karanta sunaye. Bayan sanarwar taron matasa da ta gyaran rufi, Sakatare ya gyara tabarau ya ce jama'a su tuna da waɗanda ke bencin baya a addu'a. Ya kira yarinyar. Ya kira wani mutum. Sannan ya kira sunan Mama cikakke, har da na Baba, ta lasifika.

"Wadda ta bar ikilisiya da hannunta shekara huɗu da suka wuce, yanzu tana neman dawowa."

Kawuna suka juyo layi-layi. Matan zumunta da ta koya wa waƙa, waɗanda ta yi wa wankan jego, suka juyo suna mata kallon tausayi. Wata ma har ɗaga mata hannu ta yi, wai sannu da dawowa. Mama ta saki hannun yarinyar. Ta sa hannayenta biyu a cinya tana kallonsu suna rawa. Har aka yi addu'ar rufewa ba ta ɗago ba, amin ɗin ma ban ji ba.

Muka koma gida a bas. Da muka kwantar da ita ta ce kowa ya fita sai ni da ɗanta.

"Yaushe na fita?"

Ya durƙusa a bakin gado ya faɗa mata duka, daga jana'izar Baba har ofishin Sakatare. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. Na so ta yi masa faɗa, ta zage shi, ko ta ɗaga hannu ta mare shi, da abin ya fi sauƙi. Ita kuwa sai ta ce, "Hannun nan na ba ka ne ka riƙa karɓo mini magani."

Ta juya fuska bango.

Daga Litinin ya fara roƙo. Saura Lahadi ɗaya, Mama. Awa biyu kawai, a karɓe ki, a mayar da sunan, shi ke nan. Ya roƙa da safe kafin ya tafi shago, ya dawo da rana ya roƙa. Ranar Laraba ta ce a tashe ta zaune.

"Ka san abin da ake tambaya ranar ta uku?" ta ce. "Na ji shi ya fi sau ɗari. Fasto zai tsaya a gabana ya ce, kin tuba da barin gidan Allah? Ni kuma in ce i. Saura kwana nawa in tsaya gaban Ubangiji, Auta? In je masa da ƙarya sabuwa fil a bakina?"

"Mama," na ce, "Baba fa. Wurinki fa."

Na ga maganar ta shige ta. Ta rufe ido.

"Ina so, Amarya. Allah ya sani ina so. Amma ban fita ba."

Ranar Alhamis, mako biyu cif bayan zuwanmu na farko, maigidana ya je ya faɗi gaskiya. Faston nan da ya tsana shi ne ya tashi ya ba shi kujera, ya saurare shi, bai ce masa ko kalma ɗaya mai zafi ba. Amma littafin ba na fasto ba ne. Dattawa ne kaɗai ke gyara shi, su kuma sun riga sun yi zamansu na wata, na gaba saura kwana goma sha shida. Fasto ya ce zai yi ƙoƙarin tara su kafin nan. Ya kuma ce hanya mafi kusa dai ita ce Lahadi ta uku.

A taron falo na yammacin Juma'a maigidana ya faɗa wa 'yan'uwa abin da ya yi. Suka yi shiru irin nasu. Malama ta yi kuka, mijin Nas ya dafa kafaɗarsa ya ce an yafe. Yafewa ba ta yi musu wuya ba ko kaɗan, sai dai ba su da ƙasa ko taku ɗaya da za su ba Mama.

Ranar Lahadi Direba ya kawo bas ƙarfe takwas ya tsaya a ƙofar gida, ko za ta canja ra'ayi. Na goge mata ɗankwalin na ajiye a bakin gado. Maigidana ya zauna a ƙasa jikin ƙofar ɗakinta da takalmi a ƙafa. Tara ta yi, tara da rabi ta yi. Ta ce in buɗe taga. Muka ji ƙararrawar coci daga nesa, ta farko, sannan ta biyu. Da ta yi shiru Mama ta ce, "Ce wa yaron nan ya tafi neman abincinsa." Na fita na sallami Direba.

Ta rasu ranar Talata da hantsi, ni da Nas muna canja mata zanen gado. Kanta na kan hannuna. Ba ta bar wata wasiyya ba, ruwa ta nema na ba ta.

Fasto ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Ya bi dattawa gida-gida. Biyu sun yi tafiya, ɗaya yana asibiti, ɗaya ya ce in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa gobe goma za su zo. Maigidana ya ce to a ajiye gawa har ranar zaman. Sai Sakatare ya buɗe masa shafin dokar, idonsa a ƙasa: in an ce hannun da ke takarda na jabu ne, sai mai hannun ta faɗa da bakinta a gaban dattawa. Da an kawo maganar tun zaman farko, in ji shi, da dattawa biyu sun zo gida sun ji daga bakinta, minti biyar an gama.

Maigidana ne ya haɗa akwatin gawar da kansa. Kwana biyu yana shago, bai yarda kowa ya riƙe masa ko ƙusa ba.

Maƙabartar gari tana can bayan tashar manyan motoci, fili ne fetal, ba bishiya, kaburbura a jere da ƙananan alluna. Mu goma sha huɗu na falo muka je, da yaranmu, da matan zumunta bakwai da suka zo ba kayan zumunta a jikinsu, don ba a yarda a sa wa wanda ba ya littafi ba. Fasto ma ya zo cikin riga irin ta kowa, ya tsaya can baya. Ba shi da izinin yin sujadar, kuma maigidana bai iya ɗaga ido ya roƙe shi ba.

Aka sauke akwatin da igiya. Sai muka tsaya. A shekara huɗun nan ba mu taɓa binne kowa ba, ba wanda ya san me ake fara yi. Muka yi abin da muka saba, muka yi shiru muna jiran a sa wa wani magana a zuciya. Rana na dukanmu, manyan motoci na wucewa. Mahaƙin kabarin, wani dattijo mai tsumma a wuya, ya jingina da shebur yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe wata tsohuwa cikin matan zumunta ta ɗauko waƙa da muryarta da ta dushe, muka bi ta a warwatse. Malama ta karanta aya biyu. Aka dubi maigidana ya yi addu'a, ya buɗe baki, babu abin da ya fito.

Mahaƙin ya rufe ramin, ya daddaɓe ƙasar da bayan shebur, aikinsa tsaf. Hagu da Mama kabarin wani ne da ba mu sani ba, dama kuma fili. Ya goge gumi, ya matso kusa da maigidana, ya rage murya cikin ladabi.

"Allah ya ba da haƙuri, maigida. Mijinta na da rai? In yana nan sai in bar masa wurin nan na gefenta, kafin a kawo wani."

Maigidana ya dubi filin. Ya daɗe yana dubansa.

"A'a," na ce. "Ka ba wani."

Mutumin ya ce to, ya saɓa sheburinsa ya tafi.